Bakin Wasiƙa Tsakanin Fadama da Teku

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa fadama Ya cika ta da kwaɗi, Ya haƙa teku Ya zuba mata gishiri, sannan Ya sanya tsakaninsu tafiyar da ke cinye gwiwa. Bayan haka, ni Ladingo 'yar Tunau, wadda ta yi yawo har takalma suka daina yarda da ita, zan ba ku labarin tafiyata ta ƙarshe, da abin da na ɗauko, da abin da na baro. Wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna, domin ni ma a zaune nake rubutawa, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi.

A ƙasashen da na yi wa hidima, malamai ba su yarda da takarda ita kaɗai ba. Suna cewa takarda takan ɗauko magana ta baro zafinta a gida. Saboda haka kowace wasiƙa da mutum take tafiya, ana ce masa bakin wasiƙa. Mai rubutu zai karanta masa abin da ya rubuta, da tsakinsa da tarinsa da inda ya ja numfashi, shi kuma ya je ya karanta wa mai karɓa da muryar mai aikowa, ba ragi ba ƙari. Kuma in ya isa, ba ya buɗe baki da tasa muryar sai ya sauke saƙon. Wasiƙar da aka karanta da wata murya dabam, a wurinsu ba ta iso ba.

Ni kuwa da wannan sana'a aka haife ni. Tun ina ƙarama, in na ji mutum ya yi magana, sai muryarsa ta biyo ni gida ta zauna a maƙogwarona. Na sha kiran awakin maƙwabta da muryar mai su. Na sha tayar da gwaggona Dije daga barcin rana da sallamar surukarta, ta fito tana gyara ɗankwali ta tarar ni ce a bakin zaure. Da mahaifiyata ta rasu sai garin ya yi mini ƙunci, na ɗaure ɗan ƙunshina na fita neman abin kaina. Ƙafa ta kai ni Fadamar Gurbi, inda gidaje ke tsaye a kan dirkoki cikin ruwa, inda na faɗa hannun Malam Nomau.

Malam Nomau tsoho ne, ido ya daɗe da barinsa. Duk rayuwarsa ya ƙarar da ita a kan ciyayin fadama, kajiji da aya-aya da gemun kwaɗo da sauran danginsu, yana rarrabe su gida-gida a cikin wani littafi da almajiransa na da suka rubuta masa kafin su gaji su watse. Da yatsu yake karatu. In an miƙa masa ciyawa sai ya murza karan tsakanin babban yatsa da manuni. In ya ji kusurwa uku, ya ce ɗan gidan kajiji ne. In ya ji shi a mulmule, ya jefar ya ce baƙo ne.

Abokiyar wasiƙarsa kuwa ita ce Malama Kuluwa ta Tsibirin Ɗaci, can bayan duwatsu da filin ƙishi da teku. Ita ciyawar teku ta sani, ja da kore da mai kalar hanta, kuma ƙa'idarta ɗaya: ciyawar teku ba ta da saiwa, ba ta fure. Ba su taɓa ganin juna ba. Tun suna da baƙin gashi suke aika wa juna ganye, kowa ya danne nasa tsakanin allo biyu ya ɗora dutse har ya bushe, ya naɗe a takarda ya aika, ɗayan ya duba ya faɗi ko ɗan gidan wane ne. A kan ɗaruruwan ciyayi sun daidaita. A kan guda ɗaya suka kasa, kuma gudar nan ita ta ci mini ƙuruciya.

Wata doguwar ciyawa ce da igiyar ruwa ta watso bakin tsibiri bayan hadari. Malama ta danne ta ta aiko. Malam ya murza, ya sa aka rubuta mata:

"Daga mai neman sani a cikin taɓo, Nomau, zuwa ga 'yar'uwata a wannan wahala, Malama Kuluwa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, abin da kika aiko kusurwa uku gare shi. Ɗan gidan kajiji ne, ko da a bakin kifi kika tsinto shi. Ina roƙon Allah Ya wanke miki gishirin da ya taru a ido."

Ita kuma ta mayar masa da cewa, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar kwaɗinsa, kajijin da ba shi da saiwa ba ta taɓa jin labarinsa ba sai a bakinsa, ciyawar teku ce, kara a mulmule, ya tambayi yatsunsa ko su ma sun fara tsufa.

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Bakin wasiƙa ya gaji ya bari, wani ya karɓa ya gaji ya bari, har aka zo kaina. Kuma ba nisan hanya kaɗai ke korar su ba. Ƙofar Goruna ce.

Tsakanin fadama da filin ƙishi akwai wani dutse da ya tare duniya daga gabas zuwa yamma, ba a hawansa, ba a kewaye shi. Tsaga ɗaya gare shi, a cikin tsagar kuma Birnin Goruna yake. Mutanen birnin ba a haifarsu da murya. Abin da suke karɓa daga matafiyi ba hatsi ba ne, ba tufa ba, murya ce guda a kowace wucewa. Mai ƙofar wata dattijuwa ce mai faɗin kunne, ana ce mata Uwar Gora. Za ta miƙa maka gora, ka yi magana a ciki, ta toshe da totuwa ta rataye. Daga nan muryar ta bar ka ke nan, har ka manta yadda take. Mutanen gari kuma su zo su ara, mai zuwa kasuwa ya kurɓa, mai zuwa neman aure ya kurɓa. Yawancin fatake murya ɗaya gare su, saboda haka a bakin ƙofa suke sauke kaya su juya. Sai irina, masu tara muryoyin mutane, ke ratsawa.

Na yi zaton na fi ƙarfin wannan haraji, tunda ko mai tallan gyaɗa na ji a hanya zan iya ɗauke muryarsa. Ranar farko na zuba wa Uwar Gora muryar wani jakin fatake da na haɗu da shi a safiyar. Ta kara kunne a gorar, ta girgiza, ta juye ta a ƙasa. Ta ce mini, da muryar wani ƙaton maƙeri da ta kurɓa a ranar, su ba sa karɓar tsinkakken kunu. Sai muryar da ta yi aƙalla damina guda a maƙogwaro, ta yi kauri. Kuma ba sa karɓar wadda suke da irinta a rataye.

To, sai na shiga bayar da mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya. Muryar gwaggo Dije tana wurin alƙalin birnin, an ce tun da ya fara kurɓarta shari'a ba ta ɗaukar lokaci. Ta ladaninmu tana tallan manja. Ta mai unguwarmu, wata budurwa ce ke zagin kaji da ita. Ina dariya ina bayarwa, har ranar da na leƙa cikina na tarar saura huɗu: ta Malam, ta Malama, ta mahaifiyata, da tawa.

A lokacin na durƙusa gaban Malam na ce, Allah gafarta Malam, na gaji, ƙafafuna sun kumbura, maƙogwarona ya zama kango, a nemi wani. Ya murza wani busasshen kara. Ya ce, 'yar nan, saura wannan kaɗai, ya samo hujjar da za ta rufe wa Kuluwa baki har abada. Na ce haka ya faɗa bara, haka ya faɗa bara waccan. Ya ce bara bai yi tunani sosai ba.

Da ƙin zuwa na kwana a raina, amma na ga tuwonsa na jiya a rufe bai taɓa ba. Na kuma san tsohon nan ba ya cin abinci da daɗi sai ranar da na zauna gabansa na zage shi da muryar Malama. Ranar ne yake lashe kwano, yana tsaki yana cewa ji wannan mata, ji wannan mata. Na miƙe na ɗauko takarda.

Na isa Ƙofar Goruna da hantsi. Uwar Gora ta gan ni ta yi murmushi, ta miƙo gora ba tare da ta tambayi lafiyata ba. Ta Malam ita zan sauke a tsibiri, ta Malama ita zan dawo da ita. Na daɗe ina kallon bakin gorar. Sannan na sunkuya na ce a ciki, yadda ake ce mini in na daɗe a waje, "Ladingo, shigo ki ci tuwo kafin ya huce." Ta toshe. Na tsaya ina laluben abin da na rasa, kamar mai laluben gurbin haƙori da harshe. Na san mahaifiyata takan faɗi haka. Yadda take faɗa ne ban sani ba kuma.

Filin ƙishi na ratsa shi kamar kullum, ban ga komai ba sai ƙasa da inuwata. A bakin teku na hau ƙaguwa. Ƙaguwar wannan teku ta kai jaki girma, da dusa ake lallashinta, kuma tunda a karkace take tafiya, in kana son tsibiri sai ka fuskantar da ita wani wuri dabam. Baƙo yakan saita ta sosai ya tsinci kansa inda ya fito. Ni na saba. Na juya fuskarta gabas, na kama ƙahon sirdi, muka gangara kudu muna kallon inda ba za mu je ba.

Na tarar da Malama Kuluwa a kwance. Ita da kullum nake samu a bakin ruwa, zani a ɗage, tana faɗa da kifaye. Ta rame har tabarma ta yi mata yawa. Ta ɗaga mini hannu alamar in sauke saƙon. Na gyara zama, na kumbura wuya, na karanta mata sabuwar hujjar Malam, wadda ita ce tsohuwar aka sauya mata riga. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, maƙwabciyarta ta shigo da ruwa.

Da ta lafa sai ta ce, ke ja'ira, jawo wancan tulun. Na jawo. Ruwan teku ne a ciki da yashi a ƙasa, ga ciyawar gardama a tsaye, korriya shar, tana lilo. Ban taɓa ganinta da rai ba sai ranar.

Ta ba ni labari a hankali, tana hutawa. Ta ce a bana teku ta ja da baya irin jan da ba ta taɓa yi ba, har wuraren da ba a taɓa takawa ba suka fito. Ta bi ta da sanda, ruwa iya ƙirji, tun safe har ruwan ya fara dawowa. Can ta iske ciyawar ba a watse ba, a tsaye cikin yashi, gona guda. Ta sa hannu ta tona sai ta ji saiwa. Ta duba gindin ganye sai ga ɗan fure kamar ƙwayar gero. Duk shekarun nan guntayen da hadari ya tsinko take gani, shi ya sa ba ta taɓa ganin saiwa ba. Sanyin ranar ne ya shiga ƙirjinta ya ƙi fita.

Na ce, to Inna, ashe Malam ya yi gaskiya. Ta harare ni da ragowar ƙarfinta. Ta ce in murza karan. Na murza, a mulmule yake kamar tsinken tsintsiya. Ta ce da ta dawo ta danne ɗanye a ƙarƙashin allo, tana ɗagawa kowace safiya tana dubawa. Kara mai ruwa ne, in ya bushe a matse sai ya shanye ya tattare, ya fitar da gefe uku. Allonta ne ya yi kusurwar da Nomau ya shekara yana rantsuwa da ita. Ita ta yi ta kallon abin da ba shi da gindi, shi ya yi ta murza abin da ba shi da rai.

Washegari ta sa aka jingina ta da bango, ta rubuta amsa, sannan ta ce in kasa kunne. Ta ja numfashi ta karanta mini daga farko har ƙarshe da ƙarfi, da tsiwarta ta da, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga gumi a goshinta. Sai da ta kai amin sannan ta saki, tarin ya zo kamar zai tsaga ta. Da ta samu kanta ta ce, "Abin da kika ji shi za ki kai. Wannan na baya nawa ne, ba na cikin wasiƙa."

Ta koya mini rainon tulun. In ruwa ya ragu kada in nemi gishiri, gishirin yana nan, ruwan daɗi zan ƙara. In buɗe masa baki ya ga rana da safe, in rufe in ta yi zafi. Ba ta ƙara kwana da yawa ba. Da hantsi ta cika, ana shanya ciyawarta a waje. Aka yi mata sutura, na ɗauki tulu a ka na juya.

Ban san nauyin ruwa ba sai a wannan tafiya. Ƙaguwa ta yi ta karkata, ni ina karkata kishiyarta don kada ya zube. A filin ƙishi kuwa muka zama mu biyu masu sha a gora ɗaya, in kurɓa, in zuba wa tulu. Da goran ya ƙare na isa rijiyar wasu makiyaya masu tsananin rowar ruwa. Suka ce mutum su ba shi kurɓi uku, amma ciyawa ko ɗigo. Na zauna a gindin rijiyar, leɓena ya tsage, ina tunanin yadda zan shiga fadama da tulun yashi. Sai na tuna mutanen nan ba su taɓa ganin kwaɗo ba, labarinsa kawai suke ji a bakin kakanni, suna cewa inda ya yi kuka ruwan sama na biye. Na sunkuyar da kai kusa da tulun kamar mai gyara gammo, na saki kukan babban kwaɗon fadama, irin mai sa yara gudu.

Makiyayan suka juyo. Babbansu ya matso a tsugune ya tambaya ko abin da yake zato ne a ciki. Na ce baƙo ne mai kunya, ba ya son a leƙa shi, kuma ƙishi yake ji. Kafin in rufe baki sun cika mini gora, sun ƙara da salka, suka raka ni har ƙarshen filin suna ɗaukar mini tulun bi da bi, suna yi masa kirari. Nakan sa shi ya amsa musu jefi-jefi. Ko an yi musu ruwa a shekarar, ban sani ba. Ina yi musu fata.

Na shiga Birnin Goruna ta ƙofar kudu, sai na ratsa kasuwa kafin in kai ta arewa inda ake biya. Ina cikin tafiya wata mai daddawa ta ɗaga murya tana kiran masu saye. Ban san ta ba, ban san muryar ba. Amma sai na ji hawaye na zuba, na rasa dalili. Na sauke tulu na tsaya har ta sayar da rabin faifanta. Uwar Gora ce ta gaya mini daga baya, tana kakkaɓe gora, cewa ai muryar nan ita ce wadda na bari da zuwa, tana da farin jini, kullum a are take.

Ban damu da harajin komawa ba, domin na riga na shirya. Muryar Malam ba ta da sauran aiki, wadda ake kai wa ita tana ƙarƙashin ƙasa. Na zuba ta a gora, har da tsakin. Uwar Gora ta kara kunne, ta girgiza kai, ta nuna mini wata tsohuwar gora mai ƙura a can sama. Ta ce bakin wasiƙar da ya gabace ni ya bar musu wannan tsohon ranar da ya ajiye aiki, kuma ba mai aronta sai mai son korar baƙi. Ta cire totuwa ta mayar mini da abina.

Sannan ta matso da kunnenta kusa da wuyana kamar mai zaɓen kankana. Ta ce tana jin wata a ciki mai kaushin gishiri, kuma tana jin mai ita ba ta duniya. Irin wannan ba ta da ta biyu ko'ina, ita take so. In kuwa na hana, to saura guda, tawa, in zaɓa.

Na zauna a kan dakalin ƙofar, tulu tsakanin ƙafafuna. Na yi mata wayo iri-iri. Na ce in bar mata kwaɗo, ta ce tsinkakke ne. Na ce in dawo in biya, ta ce ba wanda ya taɓa dawowa. Na haɗa rabin ta Malam da rabin tawa na ce sabuwa ce, ta saurara ta ce in daina wasa da tsofaffi. Rana ta karkata, ruwan tulu na ɗumi.

Na yi tunanin in ba da ta Malama in karanta wasiƙar da tawa. Amma na san Malam, zai juya fuska bango ya ce ba ta iso ba, ya kuma yi gaskiya. Na tuna jijiyar wuyan nan, da tarin da aka danne har amin. Sai na auna tawa. Tun da na fara wannan aiki me na faɗa da ita? Sannu, nawa ne, ina hanya, a ba ni ruwa.

Na karɓi gorar. Na rasa abin da zan ce a ciki, sai na faɗi abin da ke bakina tun fadama. Na ce, "Na gaji." Ta toshe.

Fadamar Gurbi tana nan yadda na bar ta, kwaɗi na ta surutunsu. Na hau tsanin gidan Malam da tulu a ka, ya ji takuna ya gyara zama, ya sa hannu ya shafa gemunsa kamar mai jiran baƙuwa. Na ajiye tulun a gabansa, na warware takarda, na karanta:

"Daga mai neman sani a cikin gishiri, Kuluwa, zuwa ga ɗan'uwana mai taurin kai, Malam Nomau. Gaisuwa irin ta kullum. Bayan haka, na gaji da aiko maka gawa kana yi mata tambayoyi. Ga ta nan da ranta. Sa hannu. Za ka ji saiwa, kada ka yi mini dariya, na riga na yi wa kaina. In ka gama murna sai ka hau sama ka murza karan, ka nemo mini kusurwar nan uku da ka cika mini kunne da su. Ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Gida ne dabam da ba mu san da shi ba, muna zaune a ƙofarsa muna faɗa tun muna da haƙora. Ka ci abinci. Allah Ya sa mu gama lafiya, amin."

Ya nannaɗe hannun riga ya tura hannu cikin tulun. Yashi ya fara tonawa. Da ya taɓa saiwar sai fuskarsa ta buɗe, ya ce ai ya faɗa, ai ya faɗa, a rubuta. Sannan yatsun suka hau sama. Ya murza. Ya sake murzawa. Ya koma wani karan ya murza. Ya daɗe hannunsa a ruwa, har na ji kwaɗin waje sun canza waƙa.

"A mulmule yake," in ji shi.

Na ba shi labarin allo da dutse, har yanzu da muryarta, kamar yadda ta yi mini bayani. Ya yi tsaki mai tsawo, ya ce wannan ganganci ne irin na mutanen teku, wa ya ce ta danne da dutse mai nauyi haka. Ya ce in ɗauko takarda, yana da magana a kan furen. Ya fara, daga mai neman sani a cikin taɓo, ya kai gaisuwa mai yawa, sai ya tsaya, domin bai ji ƙarar alƙalami ba.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Ya ce tun da yake jin wasiƙun Kuluwa, ba a taɓa kai layi uku ba tare da ta yi ɗan tarin nan nata ba. Yau ko ɗaya.

"Ladingo, saƙo ya sauka. Ajiye muryarta, yi mini magana da taki. Yaya kika baro ta?"

Biyu ne a maƙogwarona, tasa da tata. Na duba in ga da wacce ake faɗa wa mutum irin wannan magana. Na ga ba zan sa shi ya ji ta daga bakin kansa ba.

Na ce, da kaushin gishirin nan, "Allah gafarta Malam, Inna Kuluwa ta rasu."

Bai motsa ba. Hannunsa na cikin tulu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannun. Ya yi salati a hankali, ya yi mata addu'a. Can ya ce, taki fa, 'yar nan? Na ce tana Ƙofar Goruna, an rataye. Ya sunkuyar da kai. Abin da ya iya faɗa a ƙarshe shi ne in ɗora ruwa a wuta in gasa ƙafafuna.

Ciyawar ta yi wata biyu ko fiye a tulu kafin ta gaji da ruwan fadama. Kafin nan ya sa na buɗe mata shafi ita kaɗai a littafin, ba cikin kajiji ba, ba cikin baƙi ba. Na tambaye shi sunan da za a sa. Ya ce a rubuta Taurin Kan Kuluwa. Na ce da ita ce, da ta ce Taurin Kan Nomau. Ya ce ba ita ke da littafin ba.

Ban sake fita ba. Ba ni da abin biyan ƙofa, ba ni kuma da inda za ni. Yaran fadama sun saba ganin budurwa tana sayen kifi da muryar tsohuwa, sun daina bina. Da safe nakan yanko wa Malam ciyayi in miƙa masa ɗanyu, domin ya hana a ƙara kawo masa busasshe. Yakan murza ya yanke hukunci, wani lokacin daidai, wani lokacin in ga da idona ya kauce. In ya kauce nakan yi niyyar yin shiru, amma abin da ke maƙogwarona ba ya yarda.

"Ka tambayi yatsunka, Nomau."

Sai ya yi tsaki, ya ce ji wannan mata, ya jawo kwanon tuwo.

Nan hikayata ta tsaya, ƙafafuna sun riga ta tsayawa. Ruwan ɗumin ma ya huce, ga shi kuma yana kira daga ɗaki wai ya samo sabuwar hujja.